Curin Laka a Kan Rufin Hedimasta

Cikin mako guda, rayuka dubu ɗaya da ɗari biyu suka salwanta a gidan Hedimasta. Babban cikinsu bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

’Ya’yan tarwaɗa ne, dubu shida, waɗanda ya aika a kawo masa tun kafin tafkin da za a zuba su ya nuna ko yana da niyyar riƙe ruwa. Ranar da mota ta sauke su, tafkin yana nan a bushe ƙamas, sai aka jera su a baranda cikin manyan bahunan roba guda tara, wai na ɗan lokaci. Direban da ya kawo su ya ce in an taki sa’a za su yi mako biyu a haka, bayan nan kuma sai dai kaji su ci. Hedimasta ya ce masa ai ba a tambaye shi ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shugabantar makarantu, kuma a tsawon wannan lokaci ba a samu wanda ya gyara masa magana ya kwana lafiya ba. Da ya yi ritaya sai ya sayar da gidansa na cikin gari, ya sayi fili can nesa da kwalta, ya gina ɗaki uku da baranda, ya rufe da kwano, ya ce shi kifi zai kiwata. Sunan dai bai yi ritaya ba. Har matarsa Hedimasta take ce masa, kuma ba kullum ne don girmamawa ba.

Filin tudu ne ta gaba, inda gidan yake, sannan ya gangara baya zuwa wani kwari mai duhun ciyawa, inda ƙafa ke nutsewa har idon sawu. Hedimasta ya zana taswirar gonar da rula da jan biro, ya ɗora tafkin a kan tudu, taku talatin daga tagar ɗakinsa. Hujjarsa ita ce duk abin da ba ya gaban idon shugaba lalacewa yake yi. Haka ya ga ɗalibai, haka ya ga malamai, bai ga dalilin da zai sa kifi ya fita daban ba.

Ranar da ake kafa turaku ana ja musu igiya, Auta ta zo ta tsaya a bayansa. Ita ce ƙaramar ’ya’yansa bakwai, shekararta ashirin da huɗu, kuma ita kaɗai ta biyo iyayen zuwa sabon wurin.

“Baba, ƙasar wurin nan...”

“Na kira ki?”

“A’a, Baba.”

“To in na kira ki kya zo.”

Mai Diga, shugaban mahaƙan da aka ɗauko, da mutanensa huɗu suka haƙa ramin har ƙugu. Aka tayar da inji, aka wuni ana kwarara ruwa daga rijiyar burtsatse. Da gari ya waye ruwan ya sauka da kamu guda. Hedimasta ya duba, ya yanke hukunci cewa ruwa ba ya zama a wurin da babu zurfi, a ƙara haƙa. Suka ƙara, suka fasa ’yar jar ƙasa mai danƙo da ke ƙasan ramin, wadda kaurinta bai fi tafin hannu ba, suka faɗa cikin yashi da tsakuwa. Aka sake cikawa. Wannan karon ruwan bai ma jira safiya ba, kafin la’asar ya yi sallama. Hedimasta ya ce a ƙara zurfi.

Mai Diga ya ɗago kai daga cikin ramin, wanda yanzu ya shanye tsayinsa, ya ce, “Ranka ya daɗe, don Allah a faɗa mini in sani. Tafki muke haƙa ko rijiya?”

“Ni na ɗauke ka ko kai ka ɗauke ni?”

Mai Diga ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da sara, yana magana da digarsa ƙasa-ƙasa.

Auta ce ke canza wa kifayen ruwa, safe da yamma. Da rariya take tsame waɗanda suka juya farin cikinsu sama, ta jera su a faranti, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin mahaifinta ba tare da ta ce uffan ba. Shi kuma ya tsallake farantin ba tare da ya gan shi ba. Gidan ya cika da irin shirun da ake yi da ƙarfi: a ajiye kofi da ƙarfi, a rufe ƙofa da ƙarfi, a gaisa a taƙaice.

Ran kwana na takwas da almuru, rana ta faɗa bayan kwarin, ta bar wani ja-ja mai dauɗa a gefen sama. Iska ta tsaya cik. Kwaɗin da suka saba fara kuka a daidai wannan lokaci ba su fara ba. Hedimasta na zaune a baranda, rediyo a cinya, yana sauraron labarai yana gyara wa mai karantawa nahawu. Duhu na tasowa daga ramin da ke gabansa kamar daga can ake ɗebo shi.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufin. Tim.

Ba ƙarar dutse ba ce. Dutse yakan yi tsalle ya gangaro. Wannan ya faɗo ne ya zauna. Kafin Hedimasta ya kashe rediyon, na biyu ya faɗo, shi kuma ya tarwatse, aka ji yana zubowa ta kwararon kwano, shaaa, kamar ana tankaɗe. Sai shiru. Sai tim. Sai shaaa. Sau biyar-biyar.

“Wane ɗan iska ne?” Hedimasta ya daka tsawa. Ya suri sanda ya zaga gidan sau biyu. Bai ga kowa ba sai matarsa a madafa tana wanke hannu, da Auta tsugune gaban bahunanta. Gida mafi kusa da su, ko da ihu ba a jiyowa.

Da safe Mai Diga ya kafa tsani ya hau. Ya sauko da cure-curen baƙar laka guda biyar, kowanne kamar lemo, a mulmule sumul, sun manne da kwano sai da ya sa wuƙa. Kusa da kowanne, ya ce, akwai tabon yashi a warwatse. Mutanensa suka kalli cure-curen, suka kalli juna, suka saɓa sheburansu. Mai Diga ya ce shi dama tun ranar farko jikinsa bai ba shi wurin nan ba. Ruwan da ke ɓacewa haka, ai akwai mai sha.

“Jahilci!” in ji Hedimasta. “Yara ne.”

“Yaran wa, ranka ya daɗe? Na kurege?”

Da magariba ta biyu Hedimasta ya sa Auta ta zauna kusa da shi, ya ajiye tocila da sanda, ya zuba wa hanya ido. Duhu ya sauko a hankali. A daidai lokacin jiya, tim, shaaa, kuma daga bayan gida. Auta tana nan gefensa, hannuwanta biyu a cinya. Uwar tana madafa. Mace ce da ta reni ’ya’ya bakwai, take ɗaukar bokiti biyu a tafiya ɗaya, kuma ’yan’uwanta sun shaida cewa a ƙuruciyarta ba a yi mangwaron da ya gagari jifarta ba. Wannan bayani ba shi da wata alaƙa da labarin.

Washegari farantin ya ƙi ɗaukar matattun, sai da aka ƙara na biyu.

A magariba ta uku aka nemi Auta aka rasa. Uwar ta leƙa ɗakuna, ta leƙa bayan gida, ta fara salati. Hedimasta ya haska tocila cikin ramin. Ga ta can a tsakiya, a tsaye, ba ɗankwali, hannuwanta sun yi baƙi da laka har gwiwar hannu. Ba ta ƙifta ido ba da hasken ya same ta. Jemage ya gifta. Sannan ta buɗe baki, muryar da ta fito kuwa mai kauri ce, kamar daga cikin randa.

“Hedimasta.”

Gaskiyar magana, abin da ya fara kama shi ba tsoro ba ne.

“Ni kike kira haka? Ni? Don uban wa?”

“Ba ita ba ce, Hedimasta!” in ji uwar, tana riƙe masa riga. “Dubi idonta! Wayyo ni, sun shige ta!”

Auta ta juya a hankali, ta dubi bangon ramin gabas da yamma kamar mai duba jarrabawa, ta yi wata dariya gajera mara daɗi.

“Sifili bisa goma,” in ji muryar. Sai ta sulale ƙasa.

Da ƙyar su biyu suka fito da ita ta tsani. Ta kwana ta wuni ba ci ba magana, ido a rufi. In uban ya shigo sai ta juya masa ƙeya. Abin da ya ba da mamaki shi ne, aljanin bai hana ta tashi ta canza wa kifi ruwa a kan lokaci ba.

Hedimasta ya yi faɗa da matarsa, ya yi faɗa da injin ruwa, ya yi faɗa da wata akuya da ba tasa ba. Da azahar ya ce, to, a kira malamin da matarsa ke ta nacin a kira, ba don ya yarda ba, don a daina damunsa.

Malam ya iso bayan la’asar a bayan babur. Tsoho ne siriri, mai furfura da ƙaramin carbi, wanda aka san shi da karatu da ƙarancin magana. Bai shiga ɗaki kai tsaye ba. Ya je ya leƙa ramin, ya daɗe yana leƙawa. Ya tsaya gaban bahunan ya ga yadda kifayen ke haɗiyar iska a saman ruwa. Aka nuna masa cure-curen, ya ɗauki ɗaya ya matsa da babban yatsa, ya shinshina, ya dubi kwarin. Sannan ya ce a fito da yarinyar baranda.

Aka shimfiɗa tabarma. Rana ta yi ƙasa, inuwar gidan ta miƙe har ta faɗa cikin ramin. Malam ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa, yana tofawa a kofin ruwa. Tsuntsaye suka yi shiru. Ba a jin komai sai karatun da motsin kifi a bahuna. Can sai yatsun Auta suka fara rawa, wuyanta ya sandare, ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

“Ya isa, tsoho. Ina jin ka.”

“Wane ne kai?” in ji Malam.

“Mai wurin.”

“Tun yaushe?”

“Tun ba a haifi kakan mai jan biron nan ba.”

Hedimasta ya yunƙura, matarsa ta danne masa gwiwa.

“Me suka yi maka har ka kama ’yar mutane?”

“Me suka yi mini?” Muryar ta tashi har kofin ya girgiza, ko kuma hannun uwar ne ya taɓa shi. “A ƙarƙashin tudun nan nake, ni da iyalina, cikin tsakuwa. Rufina ’yar jar ƙasa ce, ba ta fi tafin hannu ba. Wannan mutumin ya zo ya fasa ta. Sau biyu yana kwarara mini ruwa a ka! Tanki-tanki! Ba abin da ya rage busasshe a gidana. In ruwan ya zubo mini, sai in ji shi daga sama yana cewa a ƙara zurfi. A ƙara zurfi! Shi ne na ce bari shi ma ya ɗanɗana yadda ake ji in an taɓa wa mutum rufi.”

“Allah gafarta Malam,” in ji Hedimasta, jijiyar wuyansa a miƙe, “a gaya masa filin nan da takarduna.”

“Yana jin ka,” in ji Malam.

“A kawo kwano biyu,” in ji muryar. “Ɗaya ƙasar ramin, ɗaya ƙasar kwari. Shi zai ɗebo. Da hannunsa.”

“Ni?”

Malam ya dubi Hedimasta, ya dubi yarinyar da idonta ya kafe. Hedimasta ya tashi. Aka ga farar rigarsa tana gangarawa kwarin cikin duhun magariba, aka jiyo shi yana zagin ciyawa. Ya dawo takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

“Jiƙa ta ramin. Cura ta. Wurga sama, ka cafe.”

Ya cura, ya wurga. Curin bai dawo a cure ba. Ya watse tun a sama, ya zubo masa a tabarau da gemu.

“Yanzu ta kwarin.”

Ya cura baƙar, ya wurga da haushi har ta kusa taɓa rufi. Ta dawo tafinsa, tim, a dunƙule, ko tsagewa ba ta yi ba.

“Ƙasar da ba ta riƙe kanta ba, ita za ta riƙe maka ruwa?” in ji muryar. “Kwana biyu ina aiko maka da darasin nan har gida, ɗaya mai zama, ɗaya mai watsewa, ɗaya mai zama, ɗaya mai watsewa. Sau goma! Ɗan aji ɗaya ma da ya gane. Kai ka ɗauki sanda kana neman yara.”

Ba a taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da ta Hedimasta ta yi ba. Bakinsa ya buɗe ya rufe sau uku. A ƙarshe abin da ya fito shi ne, “Malam, wannan aljanin ba shi da tarbiyya.”

“Galibinsu haka suke,” in ji Malam. Ya juya ga Auta. “To mun ji laifinmu. Faɗi abin da kake so ka saki yarinya.”

“A mai da tafkin kwari. Kada a wuce baƙar laka, ko da ɗan yatsa. Gefe ɗaya zuwa ƙugu, ɗaya gefen zuwa ƙirji, don ranar kwashe ruwa ya gangara da kansa. Bututun fitar ruwa a gefen mai zurfi. Lakar da aka haƙo a yi bango da ita, a zuba kaɗan a daɓe, a zuba kaɗan a daɓe, ba a jibga ta gaba ɗaya ba. A ɗaura raga a bakin bututun shiga saboda kwaɗi. A fara da ƙarami, kifayen nan ba su da kwana huɗu.”

“Dakata, dakata,” in ji Hedimasta. Ya zaro jan biro daga aljihu, ya juya bayan taswirarsa. “Ƙugu da me?”

“Ƙirji.”

Ya rubuta. Matarsa ta kau da kai, kafaɗunta na motsi, wataƙila kuka take.

“Amma akwai magana,” ya ce, yana nuna Auta da biron. “Daga tagata ba a hango kwari. Wa zai sa musu ido?”

“Kifi ne, ba ’yan makaranta ba. Ba za su tsallake katanga ba.”

“To ramin nan fa? Wahalar mako uku?”

“Cike shi. In ba za ka iya ba, shuka ayaba a ciki. Ni dai kada in ƙara jin ɗigon ruwa.”

“Rabi zan cike.”

“Duka.”

“Rabi, in shuka ayabar a sauran.”

Muryar ta yi tsaki mai tsawo. “Na yarda. Kuma yarinyar nan ita za ta tsaya a kan aikin, don a kanta na bar awon. Abin da ta ce a yi, a yi. Kuma daga yau in ta buɗe baki...”

“Ya isa haka,” in ji Malam, a hankali. “Ka samu abin da ka zo nema, kada ka zarce. Fita. Yarinyar ta gaji, kuma irin muryar nan tana cin maƙogwaro.”

Ya yayyafa mata ruwan kofin. Auta ta yi atishawa sau uku, ta kwanta. Daga kwarin, kwaɗo ɗaya ya gwada murya, sauran suka amsa. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ido, ta dubi laka a gemun mahaifinta, ta ce da ’yar siririyar muryarta, “Baba, me ya faru?”

“Ba abin da ya shafe ki,” in ji Hedimasta.

Uwar ta raka Malam bakin hanya, inda mai babur ke jira. Ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ya waiwayo.

“Baiwar Allah, a samu man zafi a shafa wa kafaɗar nan ta dama. Na ga tun ɗazu ba kya iya ɗaga ta.”

Mai Diga ya dawo da mutanensa da ya ji an sasanta da mai wurin. Kwana uku suka yi a kwarin, Auta na tsaye a kansu da igiya da sanda mai alama, ba wanda ya tambaye ta ko an kira ta. Aka cika tafkin da yamma, aka kafa tsinke a bakin ruwan. Da safe Hedimasta ya gangara shi kaɗai, ya tarar da ruwan yana nan a jikin tsinken. Ya daɗe a tsaye yana neman abin da zai gyara, bai samu ba, sai ya ce tsinken a karkace yake. Kifi dubu huɗu da ɗari uku ne suka kai ga shiga, suka watsu cikin ruwan kamar an watsa baƙin zare.

Yanzu tafkunan sun zama uku, duk a kwari. In baƙi sun zo, Hedimasta yakan kai su ya ɗebi laka ya cura ya wurga sama, ya yi musu bayani. Yakan ce shi har gobe bai yarda da camfi ba, amma wannan aljanin, duk da rashin kunyarsa, ya yi karatu, kuma abin da ya bari a kan yarinyar nan abin mamaki ne. In wani abu ya shige masa duhu, kamar yawan abinci ko lokacin raba manya da ƙanana, yakan tsaya a ƙofar ɗakin Auta ya yi gyaran murya.

“In mutumin naki yana kusa, a tambaye shi.”

Takardar digirin Auta a fannin kiwon kifi tana rataye a falo cikin gilashi, daidai saman kujerarsa. Shi ya buga ƙusar.